Inda Kore Ya Tsaya a Rijiyarmu

Ban taɓa ganin teku ba a shekarar da aka ce in tsaya gaban aji in yi bayaninsa. Ina shekara ta uku a kwalejin Filingue, ina zaune wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, saboda ƙauyenmu yana kan tudu, nesa da lekol, wato makaranta. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tafkin da ke cika a kwari da damina, sai kuma kogin Yamai da na taɓa hangowa sau ɗaya ta tagar mota, kan wata mata ya tare mini rabinsa.

Malaminmu na ilimin halittu, wanda muke kira Mushe, wato malam a Faransancinmu, kamar sauran malamai, ya raba mana aikin ekspoze a farkon bazara. Ekspoze shi ne ɗalibi ya fito gaban allo ya yi wa aji bayanin wani abu da bakinsa, ba tare da karanta takarda ba. Wani ya samu sauro, wata ta samu zaizayar ƙasa. Ni aka ba ni yadda haske da zurfi ke raba halittun teku.

Sau biyu na taɓa fita gaban allo a wannan shekara, sau biyu kuma na koma benci ban gama ko jimla ɗaya ba. Nakan haddace abin da zan faɗa har da inda ake tsayawa a ja numfashi, amma da na juyo na ga idanu sai maganar ta maƙale. Ɗan abin da ke fita ko bencin farko ba ya wucewa. Daga baya sai wani ya ce, "Ba mu ji," sai dariya, shi ke nan.

Ranar da aka raba aikin, Mushe ya tsayar da ni bayan an tashi. Ya miƙo mini takarda ɗaya.

Ya ce, "Kayenki, littafin rubutun nan naki, ya fi na kowa tsabta a ajin nan, ba na musu. Amma in wannan karon ma kika tsaya shiru, ba zan sake kiranki ba har shekara ta ƙare. Ba horo ba ne. Na gaji da ganin kina wahala."

Da farko sanyi na ji a raina. Sai da na kai wajen masu sayar da itace a hanyar gida sannan maganar ta fara yi mini ciwo. Akwai mutum uku a bencin ƙarshe waɗanda Mushe ya daina kira tun kafin hutun farko. In ya yi tambaya idonsa yakan wuce ta kansu kamar yadda yake wucewa ta kan bango. Ba ya yi musu faɗa, ba ya yi musu murmushi. Ban so in zama ta huɗu ba.

Takardar da ya ba ni fotokopi ce. Gabanta rubutu ne da Faransanci mai wuya, bayanta hoto ne na teku da aka tsaga daga sama zuwa ƙasa. Injin ya cinye hoton: sama fari-fari, tsakiya toka-toka, ƙasa baƙi ƙirin, babu kifi ko ɗaya da ake ganewa. Na ari ƙamus na fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya a gefen kaye. Na gane an raba teku hawa-hawa. Hawan farko, inda hasken rana ke kaiwa sosai, yana sauka kamar mita ɗari biyu. Na biyu dishi-dishi ne har zuwa mita dubu. Daga nan sai duhu.

Tun da hoton ya lalace, na yanke shawarar in zana nawa. Na samo takardar buhun siminti a wurin maginan da ke aiki bayan gidanmu, na kakkaɓe ta, na danne ta ƙarƙashin tabarma kwana biyu har ta miƙe. Na ja layukan hawa ukun da regil, abin awo da jan layi. Sai na zo wurin zuba halittu, kuma ban yi wani dogon tunani ba, domin abu ne da kowane ɗan yankinmu na Kurfey ya sani. In tafki ya fara janyewa, kifi a tsakiya yake taruwa, inda ya fi zurfi. Gawo yana kore da rani saboda saiwarsa ta yi nisa a ƙasa. Rijiya mai zurfi ita ce ba ta ƙafewa. A wurinmu rai yana inda zurfi yake. Saboda haka na cika ƙasan tekun da doguwar ciyawa kore shar kamar fadama a watan takwas, na zuba kifaye garke-garke suna kiwo a cikinta. Sama kuwa na bar shi shuɗi, fayau, sai jirgin ruwa ɗaya. La'asar huɗu na ɗauka ina wannan aiki, kuma ya yi kyau.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Filingue, Kawu ya shigo. Yayan Inna ne da mahaifiyata, kuma aikinsa yasar rijiya, wato shiga ciki a kwashe laka da rairayin da suka toshe idon ruwa. Ya zo sayen igiya. Bai yi lekol ba, bai kuma taɓa wuce Yamai ba. Ya zauna a inuwa yana shan fura, zanena yana shimfiɗe a tabarma na danne kusurwoyinsa da duwatsu.

Ya ce, "'Yar lekol, wanga mi ne?"

Na ce teku ne.

"Ina sama, ina ƙasa?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ludayi a hannunsa.

"To wa ya shuka ciyawa can ƙasa?"

Inna ta ce daga wajen murhu, "Kai dai sha furarka. Mutumin da bai san ko baƙi ɗaya ba shina gyara ma 'yan kwaleji aiki."

"Ni ban san baƙi ba, amma na san rami. Tun kina goye nake shiga rijiya, ban taɓa ganin kore a ƙasa ba. Ke 'yar lekol, nan da kinka shafa ma baƙi kewaye da ciyawar, duhu ne?"

Na gyaɗa kai.

"Duhu, kuma ga ciyawa har wuya. Littahin ne ya ce haka, ko ke kinka ce?"

Kunnuwana suka yi zafi. Ya shanye furarsa, ya saɓa igiyarsa, ya ce ran Asabar za su yashe rijiyar ƙauyenmu, in zo da kayena.

Da ya tafi na ɗauko takardar Mushe na sake karantawa a hankali. Littafin bai ce haka ba. A sakin layi na uku akwai jimlar da ke cewa tsirran teku mafi yawa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a hawan sama inda haske yake, kuma kusan duk abin da ke rayuwa a teku daga gare su abincinsa ke farawa. Na fassara kowace kalma ta wannan jimla a gefen kayena da rubutuna mai tsabta. Na dai tsallake ta ne, saboda ba ta yi daidai da abin da na sani ba.

Ran Asabar da sassafe na bi amalanken wani maƙwabci zuwa ƙauye. Rijiyarmu tana gabas da gari, zurfinta gaba ashirin da biyar. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu in mutum ya buɗe su, da ita ake auna igiya. Na tarar da mutane a bakinta. Fulanin da ke shayar da shanunsu a wurin sun kawo sa ɗaya don jan laka, su kuma huɗu daga cikinsu za su riƙe igiyar Kawu. Akwai kuma abokin aikinsa, wani dattijo Bazabarme marar haƙoran gaba, wanda kowa ke kira Baba. Shi ne mai zama a bakin rijiya.

Kafin kowa ya shiga, Baba ya kunna fitila ya zura ta da siririyar igiya har ƙasa, ya bar ta jim kaɗan, ya jawo. Tana ci. Da ta mutu, da ba mai shiga, domin iskar ƙasan ta ɓaci ke nan. Sannan Kawu ya ciro wani fasasshen madubi daga aljihu, ya sa na kwanta rub da ciki a kan itacen bakin rijiya, mahaifiyata tana riƙe da zanen da na ɗaura ta baya. Ya tari rana da madubin ya jefa haskenta ciki. Wani farin tabo ya sauka yana rawa a jikin bango, ya yi ta tafiya har ya ƙyalla a kan ruwa can ƙasa, ɗan ƙarami kamar maɓallin riga.

Ya ce, "Da madubi ke nan. In ba shi, rana kanta kwana kaɗan ne a shekara take leƙa ƙasan nan, shi ma da tsaka, ta wuce. Yanzu zan sauka in riƙa hwaɗa miki abin da na gani. Ki rubuta."

A igiyarsa an ɗaura tsumma a kowace gaba. Aikina shi ne in ƙirga tsummokaran da ke wucewa ta kan itace, in rubuta abin da ya ce.

Gaba ta ɗaya da ta biyu ina ganinsu da idona. Ciyawa ta fito ta tsagar duwatsu, akwai ɗan tsiron cediya da ya karkato yana neman sama, da gidan zanzaro, da sheƙar wani ƙaramin tsuntsu. Ƙadangaru biyu suka gudu daga ƙafarsa.

"Uku," in ji shi. "Gansakuka, mai kauri, kamar bargo. Ta hi yawa a gehen da rana ke duka."

Na rubuta. Huɗu, biyar, har yanzu gansakuka. A ta shida muryarsa ta fara canzawa, ta yi kauri tana dukan bango.

"Shida. Ta yi ƙaranci. Ba kore sosai ba, kamar tsohuwar kuka. 'Yar lekol, kina ji?"

Na gyaɗa kai.

"'Yar lekol?"

Na sake gyaɗa kai, da ƙarfi. Sai na ga masu riƙe da igiya sun tsaya cak, sun daina saki. Baba ya leƙa ya yi kira, "Tana nan, tana jinka." Sannan ya juyo gare ni, ba dariya a fuskarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, a bakin rijiya ba a amsawa da kai. Na ciki shina magana, na waje shina amsawa, haka aikin yake tun kakanni. In shi ya yi shiru, mu jawo shi, iska ta kama shi ke nan. In mu munka yi shiru, shi bai san ko akwai mutane a kan igiyarshi ba. Ke ya kira. Buɗe baki."

Na leƙa. Kawu ya zama wani abu mai motsi a cikin dishi-dishi. Na ce, "Ina ji."

"Sauro ne ya yi kuka?" in ji muryar daga ƙasa. Fulanin suka yi dariya.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na cika ƙirjina na ce, "Ina ji, Kawu!" Rijiyar ta karɓi maganar ta juya ta, ta dawo mini da ita babba. Ban taɓa jin muryata da wannan girma ba. Wata saniya ta ɗaga kai.

"Madalla. Ku saki."

Daga nan kowace gaba sai ya kira, in amsa, in maimaita abin da ya ce don ya tabbata na ji daidai. Bakwai, saƙar gizo-gizo. Takwas, ɗan dabbare-dabbare a jikin dutse. A ta tara ya ce, "Nan kore ya tsaya. Rubuta da kyau." Daga goma har ashirin da biyar babu abin da yake faɗa sai dutse, danshi, dutse, wani farin ƙwaro, dutse. Gaba goma sha shida na bango tsirara, ga laima ko'ina, ga ruwa kusa, amma ko tsinke bai tsiro ba.

Da ya kai ƙasa ya ce, "Ku san mi nake gani? Bakin rijiya kamar faranti, kan 'yar lekol a gehe baƙi wuluk kamar tukunya. Daga nan ba a ganin fuska, sai inuwa."

Guga na farko da sa ya jawo ba laka ba ce. Ruwa ne da tarwaɗa ɗaya a ciki. Baba ya ce wani makiyayi ne ya jefa ta shekarun baya don ta riƙa cinye tsutsa, kuma duk yasa sai a fito da ita a ajiye a kwano, in an gama a mayar. Na tsuguna ina kallonta. Ba ta yi kama da tarwaɗar tafki ba. Ta koɗe, kanta babba, bakinta faffaɗa, jikin kuwa siriri kamar mariƙin ludayi.

Na tambayi Baba abin da take ci. Sai da na rufe baki na lura ban yi raɗa ba.

"Abin da ya faɗo. Ƙaiƙayi, ganye, ƙwaron da ya yi kuskure. Ita ba ta da gona. Gonar tana sama."

Da azahar Kawu ya fito, laka har gira. Bayan ya yi wanka ya yi salla na roƙe shi ya buɗe hannuwansa jikin bangon zaure, na auna gabarsa da ƙaramin regil ɗina, ina sa alama da gawayi. Mita ɗaya da santimita saba'in. Na buga lissafi sau biyu. Rijiyarmu ta haura mita arba'in kaɗan. Ke nan hawan haske na teku kusan rijiyarmu biyar ne, wata a kan wata. Kafin a kai cikakken duhu kuwa sai an jera fiye da ashirin.

Kawu ya ce, "Kuma har yanzu ba a taɓa ƙasa ba?"

Na ce takardar ta ce da saura da nisa.

Ya girgiza kai. "Allah shi kyauta ma mai yasar wanga."

Na juya takardar simintin na yi sabon zane a bayanta. Wannan karon kore yana sama, ɗigo-ɗigo kamar an watsa garin kuka, da ƙananan kifaye da manya a tare da shi. A hawa na biyu na sa kifaye kaɗan masu manyan idanu suna kallon sama, domin takardar ta ce da yawansu inuwar abin da ke wucewa a kansu suke farauta, kuma yanzu na san yadda hakan yake. A ƙasa na sa biyu kacal, manyan baki, siraran jiki, ɗaya da ɗan haskensa na kansa, da ɗigon fari-fari na abin da ke gangaro musu daga sama. A gefe na zana rijiyarmu daidai da ma'auninta. Ta fito 'yar ƙarama, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ran Talata Mushe ya kira ni ta uku. Na manna zanen a allo, na juyo. Idanun suna nan yadda na bar su. Na fara jimlar Faransancin da na haddace, na ji ta tana fita siririya, tana faɗuwa a gaban takalmana.

"Ba mu ji," in ji wani daga baya.

Mushe ya sunkuyar da kai yana kallon littafinsa. Na san abin da zai biyo baya, zai ce in koma in zauna, da murya mai taushi.

Na dubi bencin ƙarshe, inda mutum ukun nan suke zaune a inuwar kusurwa. Daga inda nake ba na ganin fuskokinsu sosai. Na ce a raina gaba ashirin da biyar ne, kuma ba a amsawa da kai. Na cika ƙirjina na ce da Hausa, "Na can ƙasa, kuna ji na?"

Aji ya fashe da dariya. Amma ɗaya daga cikin ukun, wata doguwar yarinya Bafulatana da ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Muna ji."

Na kalli Mushe, domin ba a Hausa a aji. Ya ɗaga hannu kaɗan ya ce in ci gaba, amma sunayen hawan in rubuta su da Faransanci a allo.

Na fara da rijiya. Na ba su gaba-gaba, daga cediya zuwa gansakuka zuwa inda kore ya tsaya, na ba su labarin tarwaɗa. Sannan na ce su ɗauki rijiyar nan su jera biyar, wannan shi ne gonar teku, duk abin da ke ƙasa da ita jira yake a jefo masa. Na kuma juya takardar na nuna musu zanen farko, na ce ga yadda na ɗauka da, da dalilin da ya sa. Ba wanda ya yi dariya a nan, ina jin da yawansu haka za su zana. Tun daga farko har ƙarshe muryar ba ta koma ba.

Akwai wani a ajinmu da ya taɓa bin mahaifinsa cin rani Kwatano, shi kaɗai ya ga teku, kuma ba ya bari a manta. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Rijiya bango ne ke tare mata rana. Teku ba shi da bango, ni na gani. To me ke tare hasken?"

Wannan na yi tunaninsa a kan amalanke ina dawowa. Na ce gaskiyarsa, nan ne rijiya da teku suka rabu. A teku ruwan da kansa ke shanye hasken, kaɗan-kaɗan, kamar yadda hannu ke ɓacewa in an tura shi cikin tafki, sai dai ruwan teku ya fi tsabta, shi ya sa hasken ke yin nisa haka kafin ya ƙare. Na ƙara da cewa a cikin hasken jan launi ke fara ɓacewa shuɗi ya rage, sai ya sake tambaya me ya sa. Na ce takardar ta faɗi haka, amma dalilin ban sani ba. Mushe ya ce wannan sai aji na gaba. Bafulatanar ta ce daga baya, ba tare da ta ɗaga hannu ba, rijiyar rugarsu ma haka take, amma tasu kore a gaba shida yake tsayawa domin bakinta ƙarami ne. Mushe ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

Bai yaba mini ba. Ya rubuta wani abu a littafinsa ya kira na gaba, mai sauro.

Ran Alhamis muna darasin ganye, ya yi tambaya a kan abin da tsiro ke yi da haske. Na ga idonsa yana bin benci-benci kamar kullum. Ya zo kaina ya tsaya.

"Ke," in ji shi.

Na miƙe na ba da amsa. Rabinta daidai ne, rabin kuwa na haɗa iskar da ganye ke sha da wadda yake fitarwa, na juya su. Mushe ya gyara mini. Daga bencin ƙarshe na ji an yi 'yar dariya, alamar har can amsar ta kai. Na zauna na ɗauki biki, alƙalamina, na rubuta gyaran a gefen kaye.